Ɗaki Ba Dangi: Matar Sarkin Abzin

Abzinawa suna da labarin da suke bayarwa game da yadda aka yi suka samu sarki. Wai ƙabilun duwatsun Abzin ne faɗa ya ishe su, kowace da tambarinta, babu mai yarda ta bi bayan wata. Sai suka haɗa manzanni suka tura Santambul, a roƙo musu ɗa guda daga gidan sarautar Turkawa, wanda zai zauna a tsakiyarsu ya riƙa raba gardama. Sarkin Santambul ya shiga cikin gida yana bin matansa ɗaki ɗaki. Kowace 'yar gata ta rungume nata, ta ce ba da ɗanta ba, wa zai kai ɗansa ƙasar rairayi da ƙishirwa? Wata baiwa baƙar fata ce ta miƙa nata. Sunan yaron Yunus, shi ne Sarkin Abzin na farko, kuma lissafin da aka fi yarda da shi ya sa hawansa a wajen 1405. Har gobe akwai masu kiran zuriyar gidan Istanbulawa.

Masu bin diddigi ba su sha wahalar gano inda labarin ya yi tuntuɓe ba. Turkawa ba su ci Santambul ba sai 1453, kusan shekara hamsin bayan hawan Yunus, kuma masana irin su Djibo Hamani sun fi karkata ga cewa daga cikin Saharar nan gidan ya fito. To amma ba don a koya wa yara kwanan wata ake ba da irin wannan labari ba. Ana ba da shi ne don wutsiyar da ke biye da shi, wadda ita ce doka: tunda uwar sarki na farko baiwa ce, to kowane sarki ya nemi uwar 'ya'yansa a cikin bayi, kada ya taɓa 'ya'yan manyan ƙabilu. Baiwa a harshensu ita ce taklit. Bature Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zauna Agadas, birnin Sarkin Abzin, a watan Oktoba na 1850, ya kuma rubuta makamanciyar wannan ƙa'ida game da shugaban ƙabilar Kel Owi, cewa baƙar mace kaɗai aka yarda ya aura. Ko an bi dokar sau da ƙafa a kowane zamani ko an riƙa kauda kai, abin da masu naɗin sarki suke so a fili yake. Suna son mace a fada wadda in ta yi kuka babu raƙumi ko ɗaya da za a ɗaura wa sirdi saboda ita.

Sai mutum ya san matsayin mace a wajen Abzinawa kafin ya ga nauyin wannan buƙata. A ƙauyuka da mashekaran Abzin, ɗakin aure na mace ne. Tsofaffin mata na danginta ne suke saƙa tabarmin kaba, su lanƙwasa itatuwa, su kafa ɗakin, su shigar da gado da jakunkunan fata masu tuntaye, duk kayanta ne, yawanci daga hannun uwarta suka fito. Ango shigowa yake yi. In zama ya ƙi, shi ne zai ɗauki sirdinsa da takobinsa ya fita, ita tana nan a ɗakinta da kayanta. Kalma ɗaya, ehan, ita ce ɗakin, ita ce kuma ake aron ta a ce aure. Ga shi kuma a da ta wajen uwa ake lissafin gado a ƙabilu da yawa: ɗan 'yar'uwarka mace, wanda suke kira tegaze, shi ne magajinka. Ita kanta sarautar Abzin da haka ta fara, domin wanda ya gaji Yunus ɗan 'yar'uwarsa ne, ba ɗan cikinsa ba.

To a ce Sarkin Abzin ya auri 'yar shugaban Kel Ferwan ko ta Itesen. Da ɗakinta za ta zo, sarki ya zama baƙo a ɗakin ƙabila guda. Ɗan da za ta haifa yana da kawunnai masu rawani da masu, kuma a al'adarsu nasu ne shi kafin ya zama na ubansa. Sauran ƙabilu da suka yi doguwar tafiya neman wanda ba na kowa ba, sun koma gidan jiya ke nan. Saboda haka aka zaɓi macen da aka riga aka yanke ta daga dangi. Rashin gatanta shi ne ginshiƙin sulhun ƙasa, kuma ban san wata hanya mai taushi da za a faɗi wannan ba tare da an yi ƙarya ba.

Ba tsoron banza suke yi ba. Ibn Battuta, wanda ya ratsa ta Takedda a yammacin Abzin a 1353, ya baro Mali ne da labarin abin da mace mai dangi take iya yi a fada. Uwargidan Mansa Sulaiman, Kasa, 'yar baffansa ce, abokiyar mulkinsa, har a kan mumbari ana ambaton sunanta tare da nasa. Da ya fusata da ita ya tsare ta, ya ɗaga wata mai suna Banju wadda ba jinin sarauta ba. Mutane suka yi ta tsegumi. 'Yan matan gidan sarauta da suka zo gaishe da Banju, maimakon su zuba ƙasa a ka yadda ake yi wa sarauniya, a dantse suka zuba, amma da suka je wajen Kasa suka yi afi cikakke. Ƙarshenta dai sai da aka fallasa cewa Kasa tana aika saƙo ga wani ɗan gidan da ke gudun hijira, tana kiransa ya zo ya karɓi mulki, sannan fadawa suka juya mata baya, ta nemi mafaka a gidan limamin Juma'a. Mace ɗaya ta kusa kifar da daula, don tana da waɗanda za ta aika wa. Ita irin wannan ce Abzinawa suka toshe wa ƙofa.

Mu ma Hausawa, in muka saurari bakinmu da kyau, ba mu yi nisa da su ba. Yaran yanzu da suka tashi da finafinai da labarin gidan sarautar Ingila suna ɗauka duk matar sarki sarauniya ce. A tsohuwar Hausa ba haka abin yake ba. Sarauniya ita ce mai riƙe da gari da kanta, kamar Daurama a Daura, ko Amina ta Zazzau, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Gimbiya kuwa 'yar sarki ce, haihuwa ta ba ta. Wadda sarki ya aura fa? Matar sarki. Kalma biyu, ta biyun ce mai rawani. In ita ce babba a ce uwargida, sunan da matar manomi da matar maƙeri ma suke amsawa. A Kano akan ce mata Fulani, sunan da marubutan littattafan soyayya suka yayata, shi ma ladabi ne na kira, ba sarauta ce mai ƙasa da talakawa ba.

Sarautun mata na gaske, masu naɗi da fada da mabiya, duba inda suka faɗa. Inna a Gobir, wadda har yau ake naɗawa a Tsibiri, daga cikin 'yan gidan sarauta take fitowa. Haka Iya a Maraɗi. Mai Babban Ɗaki a Kano mahaifiyar sarki ce. A Agadas ɗin kanta akwai Magajiya, shugabar mata, 'yar gidan sarauta, ita ke da ta cewa a sha'anin bukukuwa da rigingimun mata, a unguwanni kuma akwai tambara da ke taya ta. Barno ce ta ɗan bambanta, inda Gumsu, uwargidan Mai, take da matsayi sananne, amma ko can Magira, uwar Mai, ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Sarauta ta yarda da uwa, ta yarda da 'yar'uwa da gwaggo, ta yi ɗari-ɗari da mata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Igiyar aure uku ce, ana iya tsinka su a zama ɗaya, ba a kuwa taɓa jin wanda ya saki uwarsa ko ƙanwarsa ba.

Abin da ya rage wa matar sarki shi ne ɗaki. Bahaushe yana ce wa matarsa mai ɗakina. Baiwar da ubangidanta ya keɓe wa kansa, wadda ake ce wa ƙwarƙwara, a fada sa-ɗaka ce, wato an sa ta a ɗaka, ta bar aikin tsakar gida da na gona. 'Ya'yan mace ɗaya 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma a gidan sarauta idan aka ce sarauta ta koma ɗakin su wane, kowa ya san uwar da ake nufi ko da ba a kama sunanta ba. Har zumunci da gaba a bakinmu ta nan suka ratsa: wanda kuke uwa ɗaya ɗan'uwa, sunan da muke ba duk wanda muke ƙauna, wanda kuka haɗa uba kawai ɗan'uba, daga nan aka samu 'yan'ubanci. Ba'abziniya da ɗakinta take zuwa aure ta kuma tafi da abinta. Wadda aka kawo fadar Agadas ɗakin ma ba ta aka yi, a cikin katangar wani, kuma abin da kaɗai zai mayar da shi nata shi ne ta haihu a cikinsa.

Shari'a ta ba ta wannan ƙofa guda. A fiƙihun Malikiyya, baiwar da ta haifa wa ubangidanta ta zama ummul waladi: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ranar da ya rasu ta zama 'ya, ɗanta kuwa ɗa ne tun ranar haihuwa, daidai yake da ɗan kowace mace a gado. Ta wannan ƙofa Khaizuran ta bi ta zama uwar Haruna Rashidu a Bagadaza. Abin mamaki kuma, labarin Santambul da ya kuskure shekara bai kuskure ɗabi'a ba, domin sarakunan Usmaniyya sun daɗe da barin auren 'ya'yan sarakuna suka koma haihuwa da bayi, saboda gudun surukai masu ƙarfi. Da Sultan Sulaiman ya 'yanta Hurrem ya aure ta a wajen 1534, sai da birnin ya ɗauka da surutu. Can ma babbar mace a fada ita ce uwar sarki. Duk wanda ya fara ƙulla labarin Yunus ya san abin da yake kwaikwayo.

Sai dai ƙofa ce ƙunƙunta. Ta buɗe wa wadda ta haifi namiji, ya rayu, ya tsallake ƙyanda da agana, ya girma, ya fi 'yan'ubansa farin jini wajen masu naɗi. Wadda ta haifi mata zalla, da wadda ba ta haihu ba, da wadda ta binne nata, suna nan a ɗakunansu su ma, sun tsufa suna renon 'ya'yan wasu.

Wanda ya je Agadas ya ga fadar zai gane yadda gini yake faɗin wannan magana. Tana nan dab da babban masallaci, ginin ƙasa mai hawa, katanga mai kauri, tagogi ƙanana, ana danganta kafa ta da Sarki Ilisawan a ƙarni na 15. Gefenta hasumiyar nan ce mai tsawon mita 27, da itatuwa suka huda jikinta ta kowane gefe, wadda aka fara ginawa a wajen 1515 aka sake ta a 1844. A ƙofa dogarai ne da jajayen kaya. Baƙo namiji iyakarsa zaure da wurin zaman fada. Daga nan zuwa ciki wata duniya ce da ba ta amsa sallamarsa. Ranar Sallah sarki zai fita da dawakai da kakaki, a lokacin bikin Bianu samarin gabas da na yamma za su cika gari da ganguna da ganyen kaba ɗaure a rawani, mai ɗaki kuwa rabonta a duk wannan shi ne abin da ya tsallako katanga ya shigo kunnenta, da abin da kuyangi suka dawo suka ba ta labari.

Kada wannan ya sa a ɗauka zaman banza ake yi a ciki. Sarkin Abzin ba shi da babbar runduna tasa ta kansa, ƙarfinsa yana ga sulhu da karɓar baƙi da kuɗin fito na ayari. Shugabannin ƙabilu za su sauka da jama'arsu, fatake daga Ghat da Ghadames, madugan ayarin gishiri masu zuwa Fachi da Bilma, malamai, manzannin Katsina da Sakkwato. Duk wanda ya sauka sai ya ci. Garin kuma ba ya noma abin da zai ci da kansa, gero daga kudu yake zuwa a bayan raƙumi, daga Damargu da ƙasar Hausa. Akwai wadda take auna geron nan, ta san tiya nawa za a surfa yau, nawa za a ɓoye saboda ayari bai iso ba, wane baƙo za a dama wa fura da cuku da dabino, wane ne za a yanka wa rago. Akushin da ya fita daga cikin gida yana gaya wa baƙo matsayinsa tun kafin sarki ya buɗe baki. Sarkin da akushinsa ya fita da ƙaranci kuwa, labarinsa zai riga shi isa rijiyoyi.

A Kano an bi sawun wannan aiki dalla-dalla. Heidi Nast, a littafinta na 2005 kan fadar Kano, ta nuna yadda sa-ɗaka suka riƙe sha'anin hatsin fada da rumbunansa tsawon ƙarnoni, har da rinin shuni a cikin gida, jakadu mata kuma suna kai da kawo tsakaninsu da waje. Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle, amma shi Tarihin dai shi ya riƙe sunan matarsa Auwa, wadda ta yi ƙarfi a zamanin ɗanta Abdullahi da jikanta Kisoke. A lura da lokacin da ta yi ƙarfin: bayan ta tashi daga matar sarki ta koma uwar sarki.

Ga kuma zaman ɗar-ɗar. Waɗanda suka naɗa Sarkin Abzin suna iya tuɓe shi, sun kuwa sha yi. Agabba ɗan Muhammadu Mubarak, wanda ya ci Adar da yaƙi a wajen 1674, ɗan'uwansa ne ya ture shi a 1721, ya koma Adar ɗin ya kafa gidan da sarakunan Illela suka fito daga ciki. Abdulƙadir da Barth ya ga naɗinsa a 1850 ya taɓa hawa aka sauke shi, dawowa ce ya yi. Sarki Tagama ya haɗa kai da madugun yaƙi Kawsan suka kewaye barikin Faransawa na Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da abin ya watse ya bar gari, aka kama shi daga baya, ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan layuka na tarihi yana nufin wasu mata sun naɗe tabarmi cikin gaggawa. 'Yar dangi in mijinta ya faɗi gidan ubanta za ta koma. Wadda aka zaɓa don ba ta da gidan uba, sai dai ta bi wanda ya faɗi zuwa inda ya nufa, ko ta zauna ta ga abin da sabon mai gida zai yi da ita.

Ina jin masu cewa ai ta ji daɗi, daga bauta zuwa gidan sarki, ga sutura ga azurfa ga masu yi mata hidima, wataƙila ma ta haifi mai mulkin ƙasa. Gaskiya ne wasu sun samu haka, kuma ba na shakkar cewa a cikinsu an yi mata masu wayo da iya zama da mutane waɗanda fada ba ta motsi sai da saninsu. Amma wanda ya samu daraja a inda aka kai shi ba tare da an tambaye shi ba, ba a ce masa ya yi sa'a sai a bakin wanda ya kai shi. Mun ma ga yadda abin yake idan aka cire masa kakaki da algaita. A yankin Tawa, wajen Ƙonni da Madawa da Illela, al'adar wahaya, wadda ake ce wa mace ta biyar, ta rayu har zamaninmu. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokar 2003. Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kai ƙasarta ƙara gaban kotun CEDEAO, a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta kuma yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba gidan sarauta aka kai ta ba, amma hujjar da aka kafa a kanta ita ce dai tsohuwar hujjar sa-ɗaka. Ta ce ba ta yarda ba, duniya kuma ta ji da sunanta.

Zamani ya juya, dokar taklit ta zama labarin da. Sarki Ibrahim Umaru ya yi shekara 52 a kan gado, daga 1960 zuwa rasuwarsa a 2012, ɗansa Umaru ya gaje shi, a cikin jamhuriya mai tsarin mulki da kotuna. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da unguwanninsa 11, su Katanga da Amarewat da Obitara da Unguwar Bayi. Ana yaɓe hasumiya, ana gyara katangu, masu yi wa baƙi jagora sun haddace jerin sarakuna tun daga Yunus. Jerin maza ne, ɗa bayan uba, ƙane bayan wa.

Ɗaya jerin yana bakin tsofaffin mata. A kowane tsohon gidan sarauta su ne suka san wace ce ta haifi wane, daga wace ƙasa aka kawo ta, da wane harshe take yi wa ɗanta wasa, wane ɗaki ne ya yi shekaru ba ya gaisawa da wane. Irin wannan sani ba a faɗinsa a zaure, kuma namiji mai littafi da alƙalami ba zai same shi ba ko ya shekara yana zarya. Agadas tana da jami'a tun 2014, Yamai tana da cibiyar bincike ta IRSH da taskar muryoyinta, kowace ɗaliba kuma tana da wayar da ke ɗaukar magana. 'Yan matan Agadas masu karatun tarihi, ku kuke da izinin wuce zaure. Ku nemi iznin Magajiya, ku shiga ku gaishe da iyayenku, ku zauna a tabarma, ku tambaye su sunayen matan da suka haifi sarakunan nan tun masu amsawa suna da rai.